Kullen Korona a Zariya: Umarni na Kaduna, Shinge na Abuja

Ranar Alhamis 26 ga Maris 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita ta awa 24 a duk faɗin jihar. A ranar babu mutum ko ɗaya da gwaji ya tabbatar yana ɗauke da cutar korona a jihar. Sai bayan kwana biyu aka samu na farko, kuma ba kowa ba ne illa gwamnan da kansa, Malam Nasir El-Rufai, abin da ya sa ragamar yaƙin ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe, wadda likita ce. Shugaba Muhammadu Buhari kuwa sai daren Lahadi 29 ga wata ya yi wa ƙasa jawabi, ya rufe Legas da Ogun da Abuja kaɗai. Ke nan Zariya ta rufu ne da umarnin Kaduna tun Abuja ba ta ce uffan a kan kulle ba, kuma haka aka zauna har 9 ga Yuni, kwana 75.

Zariya ta dace da nazarin waɗannan kwanaki saboda yadda hukumomi suka cakuɗe a cikinta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika na tarayya ne. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan na jiha ne. Ƙananan asibitocin unguwanni, inda mata ke zuwa awo da rigakafin yara, suna tsakanin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Jami'ar da ke Samaru da Kongo, da kwalejin horar da matuƙa jiragen sama, da barikin horar da kuratan soja, da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, duk na tarayya ne. Babbar hanyar Kaduna zuwa Kano da ta ratsa Kwangila ta tarayya ce, haka 'yan sandan da ke tsaye a kanta. Sannan ga fadar Zazzau, wadda kundin tsarin mulki bai rubuta mata aikin komai ba, amma ita ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san garin gida-gida.

A ganina, abin da ya faru a garin ya taso ne daga abu guda: mai ba da umarni daban, mai tilasta bin umarnin daban, mai kayan gwaji daban, wanda jama'a ke saurare kuma daban. Inda waɗannan hannaye suka riga suka saba aiki tare kafin annoba, an samu tafiya. Inda aka nemi haɗa su cikin dare ɗaya, talaka ne ya biya.

Dokar da aka jingina da ita

Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa killace cututtuka cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Kiwon lafiya shi kansa kuwa ba a damƙa wa kowa shi gaba ɗaya ba, an raba shi gida uku: manyan asibitocin koyarwa na tarayya, asibitocin gwamnati na jiha, matakin farko na ƙananan hukumomi. Dokar killacewar da ke aiki a 2020 ita ce ta 1926, ta zamanin Turawa. Sashe na 8 nata ya ce idan shugaban ƙasa bai ayyana wani wuri a matsayin wurin annoba ba, gwamna na iya yin haka a jiharsa. Da wannan doka, haɗe da tsohuwar dokar lafiyar jama'a ta jiha, Kaduna ta rufe. Saboda haka a takarda gwamna bai wuce gona da iri ba. Sai dai dokar ta faɗi wanda zai ce a rufe, ba ta faɗi wanda zai ciyar da waɗanda aka rufe ba, ba ta kuma faɗi yadda za a yi ba idan gwamnoni biyu maƙwabta suka ɗauki hanya daban-daban.

A Abuja an kafa kwamitin shugaban ƙasa kan korona ranar 9 ga Maris, ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, da Dakta Sani Aliyu a matsayin babban jami'in gudanarwa. Hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda Dakta Chikwe Ihekweazu ke shugabanta a lokacin, a Nuwamban 2018 ne ma aka sa hannu a dokar kafa ta. Kwamitin yana fitowa a talabijin kusan kullum da ƙa'idoji, amma ba shi da ikon umartar kwamishinan lafiya na kowace jiha. Wanda ya so ya bi, wanda ya ƙi sai lallashi. Kogi ta nuna haka ƙarara lokacin da tawagar NCDC ta je ta dawo ba ta yi aikin da ya kai ta ba. Kaduna tana ɗaya gefen: ta riga tarayya rufewa, ta fi ta tsanani, ta fi ta daɗewa.

Samfur ya tafi Abuja

A makonnin farko ɗakunan gwajin korona biyar ne kacal a Nijeriya, a Abuja da Legas da Edo da Osun. Babu ko ɗaya a Arewa maso Yamma. Idan aka yi zargin mutum a Tudun Wada ko Muciya, jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ne zai kai rahoto, tawagar jiha ta zo ta ɗauki samfur, mota ta kai shi ɗakin gwajin NCDC da ke Abuja, sakamako ya biyo ta Kaduna ya dawo. Garin da ke da tsangayar likitanci da ta likitan dabbobi da furofesoshi birjik, ya zauna yana jiran takarda daga wani gari. Daga baya ne NCDC ta tantance wani ɗakin gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello ta sa shi cikin jerinta, nauyi ya ragu.

Duk da jinkirin, wannan sarƙa tana cikin abubuwan da suka yi aiki. Dalili shi ne ba don korona aka ƙera ta ba. Shekara da shekaru ana bin ta wajen neman shan inna da sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa. Jami'in ƙaramar hukuma ya san lambar wayar jami'in jiha, na jiha ya san na Abuja, kowa ya san fom ɗin da zai cike. Ba a buƙaci taron gwamnoni kafin samfur ya hau mota ba.

Hanyar Kano

A nan ne lamarin ya yi tsami. Kano ta samu mutum na farko ranar 11 ga Afrilu. Kafin wata ya ƙare labarin mace-mace ya cika gari: manyan malamai, dattawa, tsofaffin ma'aikata, maƙabartu ba hutu. Ɗakin gwajin Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya na wasu kwanaki a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Gwamna Abdullahi Ganduje ya fito yana kukan cewa kwamitin Abuja ya yi watsi da jiharsa, ya nemi naira biliyan 15. Tun a ƙarshen Maris kuwa tarayya ta ba Legas biliyan 10, ta ba NCDC biliyan 5, kuma kowane gwamna yana riƙe da wannan lissafi a ransa. Ranar 27 ga Afrilu Buhari ya rufe Kano na mako biyu, ya hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka tura tawaga ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. A watan Yuni ministan lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙwaryar Kano, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona.

Duk wanda ya baro Kano zai yi kudu, Zariya ce babban garin da zai fara tararwa. Kuma alaƙar garuruwan biyu ba ta titi ba ce kawai. Ɗan kasuwar Sabon Gari a Kantin Kwari da Singa yake sari. Auratayya ta haɗa gidaje. Ɗalibai da almajirai da direbobi suna kai-komo kowace rana ta Allah. Umarnin rufe iyaka na gwamna ne, daga baya ya zama na shugaban ƙasa ma, amma masu tsaron shingen daga Kwanar Dangora zuwa Tashar Yari 'yan sanda ne da sojoji da jami'an kiyaye haɗurra da na sibil difens, kuma babu ɗayansu da gwamna ke biya albashi ko yake iya kora. Kwamishinan 'yan sanda na jiha ga Sufeto Janar yake kai rahoto. Abin da jiha ke da shi nata na kanta shi ne hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KASTLEA da 'yan sintiri da kotunan tafi-da-gidanka, waɗanda za su iya cin tarar wanda aka kawo musu amma ba su ne ke riƙe da hanya da dare ba.

Sakamakon kowa ya gani. Shinge ya zama wurin ciniki. An keɓe motocin abinci da magani da man fetur daga dokar, saboda haka mutane suka riƙa shigewa tsakanin buhuna a bayan tirela. Wanda ba ya son bin titi sai ya hau acaɓa ya bi ta ƙauyukan Maƙarfi da Ikara, inda gona ɗaya kan ratsa jihohi biyu. Kuɗin mota ya ninka, hanya ba ta rufu ba. El-Rufai da kansa ya fito fili ya zargi jami'an tsaro da karɓar na goro suna barin mutane su wuce, har gwamnatin jiha ta tura manyan jami'anta su tsaya a mashigai, kuma gab da ƙaramar Sallah ya ce shi ma zai je iyakar Kano ya tsaya. Mutane sun yi ta raha da wannan magana. Amma idan aka cire rahar, gwamna ne yake shaida wa duniya cewa ya kafa dokar da ba shi da hannun zartar da ita.

Ƙarfin da aka rasa a iyaka kuma sai aka same shi fiye da kima a cikin gari. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyun farko na kullen tarayya jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a ƙasar, 12 daga ciki a Jihar Kaduna, har da waɗanda suka mutu a tarzomar gidan yarin Kaduna. A lokacin waɗanda cutar kanta ta kashe ba su kai wannan adadi ba. Umarni na jiha, jami'ai na tarayya: iyalan mamaci a ƙofar wa za su tsaya?

Sai batun almajirai, wanda a ganina shi ne mafi muni a duk labarin. Gwamnonin Arewa sun amince a tsakaninsu kowa ya mayar da almajirai jihohinsu na asali. Ana tsakiyar dokar hana ƙetare iyaka, gwamnatoci da kansu suka riƙa loda yara a motoci, da yawa ba tare da gwaji ba, suna aika wa juna. El-Rufai ya ce cikin yara 169 da aka kawo daga Kano, 65 gwaji ya nuna suna da cutar. Kwamitin Abuja ya ce wannan jigila ta saɓa wa ƙa'idar hana zirga-zirga, amma maganarsa ba ta wuce jan kunne ba. Zariya gari ne na karatu tun kafin zuwan boko, zaurukanta cike suke da yaran Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara, don haka abin ya taɓa ta ta fuska biyu, ana kawowa ana kwashewa. Gyaran tsarin almajirci magana ce da ta cancanci a yi ta, kuma an daɗe ana guje mata. Amma zaɓar watan da cuta ke yawo a yi ta da motocin haya, ba tare da yarjejeniyar gwaji kafin tashi ba, ya nuna cewa hatta tsakanin jiha da jiha babu wani teburi da ake zama a tsara aiki. Taron gwamnoni yana fitar da sanarwa, ba ya da ma'aikatan da za su bi ta.

Asibiti biyu, albashi biyu

A watan Afrilu gwamnatin tarayya ta amince za ta biya ma'aikatan lafiyarta alawus na musamman, rabin ainihin albashi, na wata uku, maimakon naira 5,000 da aka saba ba su a wata a matsayin kuɗin haɗari. A wannan watan ne kuma Jihar Kaduna ta sanar da cire kashi 25 cikin ɗari daga albashin ma'aikatanta masu ɗaukar naira 67,000 zuwa sama, da rabin albashin masu muƙaman siyasa, don tara kuɗin tallafi. Ma'aikatan lafiya na jiha ba su tsira ba. A ƙarshen Mayu suka shiga yajin aikin gargaɗi, gwamnati ta yi barazanar kora, ta ce ta tanadar wa masu jinyar korona kai tsaye alawus da inshora.

A Zariya wannan ba lissafin takarda ba ne. Nas ɗin Shika da nas ɗin Ƙofar Gayan na iya zama maƙwabta a layi ɗaya, ko ma mata da miji. Ɗaya an yi mata alkawarin ƙari, ɗaya an rage mata, alhali majinyaci mai tari da zazzaɓi ya fi saurin faɗawa asibitin jiha ko na unguwa kafin a tura shi Shika. Alkawarin tarayyar ma bai zo a kan lokaci ba, shi ya sa likitoci masu neman ƙwarewa suka tafi yajin aiki a faɗin ƙasa a tsakiyar Yuni.

Abinci da masallaci

An hana mutum fita, to me zai ci? Birkila da mai wankin hula da ɗan acaɓa da mai tallan koko, abin da suka samu yau shi ne tuwon dare. Jiha ta buɗe kwana biyu a mako don cefane, ta rufe manyan kasuwanni ta mayar da ciniki filayen makarantu. A ranakun cefanen cunkoson da aka gani ya ci rabin amfanin kullen.

Tallafi ya zo ta ƙofofi da yawa da ba su san juna ba. Ma'aikatar jin ƙai ta Sadiya Umar Farouq tana biyan naira 20,000, kuɗin wata huɗu a dunƙule, ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu ta ƙasa, kuma Buhari ya ba da umarnin faɗaɗa ta daga gidaje miliyan 2.6 zuwa 3.6. Rajistar ta fi ƙarfi a karkara, alhali kulle mazauna birni ya fi cizo. Jiha ta yi nata rabon da nata kwamitoci. Gamayyar attajirai da bankuna ta CACOVID ta sayi nata kayan ta miƙa wa gwamnoni. Mai unguwa, wanda ya san gidan marayu da gidan da miji ke kwance ba lafiya, sau da yawa shi ne na ƙarshe da ake tambaya, amma shi jama'a ke tarewa a ƙofar gida: ranka ya daɗe, ina namu? Da aka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama a Oktoban 2020, har da garin Kaduna, mutane suka ga buhuna jibge, duk bayanin da gwamnoni suka yi na cewa ana jiran kammala isowar kaya bai shiga kunne ba.

Azumi ya kama a 24 ga Afrilu, Sallah ta faɗo 24 ga Mayu. A Zariya babu Juma'a, babu tafsiri a masallatai, babu asham cikin jam'i, babu Idi, babu hawa. A Kano kuwa, inda cutar ta fi ɓarna, gwamnati ta ba da izinin Juma'a da Idi. Mutumin Zariya yana ji a rediyo an yi sallah a Kano shi an hana shi, sai ya tambayi kansa: cutar ce ta bambanta ko gwamnonin? Da ma tun farko ana ta cewa ciwon manya ne, na masu hawa jirgi, musamman ganin ya kama gwamna kuma ya yi ajalin shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ranar 17 ga Afrilu. Saɓanin jihohin biyu ya ƙara wa masu shakka hujja. Ina ganin matsayin Kaduna ya fi kusa da shawarar likitoci, amma tsananin da maƙwabci bai taya ka ba, a kan iyakar da ba ka iya rufewa, rabin amfaninsa kake samu, wahalarsa kuma cikakkiya.

Bayan an buɗe

An ɗage dokar hana zirga-zirga tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli. Jami'ar Ahmadu Bello ta ci gaba da zama a rufe saboda dalili biyu da suka haɗu, annoba da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da ya kai har 23 ga Disamba, kuma masu gidajen haya da masu abinci na Samaru sun ɗanɗana kuɗarsu. Da tarayya ta sa 18 ga Janairu 2021 a matsayin ranar komawa makarantu, Kaduna ta ce ita sai ta duba nata yanayin tukuna.

Rigakafi ne ya sake nuna amfanin tsohuwar hanya. Allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ta sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta shirin COVAX na raba allurar rigakafin korona ga ƙasashen duniya. Hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, ƙarƙashin Dakta Faisal Shu'aib, ta raba wa jihohi, jiha ta sauke a ɗakunan sanyinta, ƙananan hukumomi suka ɗauka a akwatunan ƙanƙara zuwa asibitocin unguwanni. Firjin da ma'aikatan da masu shela duk na yaƙin shan inna ne, wanda aka ayyana Afirka ta rabu da nau'insa na daji a Agustan 2020. Sarakuna ma tun 2009 suke da kwamitinsu na rigakafi, don haka kowa ya san inda zai tsaya. Matsalar da ta rage ta yarda ce: Arewa ba ta manta gwajin maganin Pfizer na Kano a 1996 ba, ba ta manta ƙauracewar rigakafin 2003 ba. Ga kuma allurai da aka riƙa kawowa wa'adinsu ya kusa ƙarewa, har a Disamban 2021 aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja.

Ta fuskar doka kuwa kusan inda aka fara nan aka tsaya. A Afrilun 2020 Kakakin Majalisar Wakilai, Femi Gbajabiamila, ya gabatar da ƙudurin sabuwar dokar cututtuka masu yaɗuwa. Gwamnoni suka tashi a kansa, suka ce ba a tuntuɓe su ba kuma ya tara iko a hannun shugaban NCDC. Suna da gaskiya a kan tuntuɓar, amma su ma ba su kawo wani tsari da zai ɗaure su da juna a kan iyaka ko jigilar yara ko ranar buɗe masallatai ba. Ƙudurin ya kwanta. Da zagaye na biyu na cutar ya taso, Buhari ya sa hannu a sababbin ƙa'idoji a Janairun 2021, na tilasta sa takunkumi da rage taro, kuma ya jingina su ne da dokar nan ta 1926, wadda hukuncin da ta tanadar wa mai karya ta shi ne ɗaurin wata shida ko tarar naira 200.